Me ya sa mota ke tsayawa jirgin ruwa ya wuce? Tarihin gadar Mystic mai ɗagawa

Wani ɗan'uwa ya ga bidiyon wata gada a garin Mystic na jihar Connecticut a Amurka, tana ɗaga hanya sukutum zuwa sama, motoci sun yi layi, mutane sun tsaya suna kallo har wani ƙaramin jirgin ruwa ya wuce. Shi ne ya aiko da tambaya: wa ya gina ta, yaya take aiki, kuma me ya sa ƙasa mai kuɗi irin Amurka za ta bar tsohon ƙarfe da ya haura shekara 100 yana tare hanya kowace awa, maimakon ta rushe shi ta gina doguwar gada da jirage za su riƙa bi ta ƙarƙashinta?

Malam, amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, kuma a taƙaice ita ce: kogin ya riga hanyar zuwa. Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta. A Mystic ruwa ne ya kafa gari, shi ya ciyar da shi, kuma har yau dokar ƙasar tana ɗaukar gada a matsayin baƙuwa a kan kogin da jirage ke bi. Amma kafin wannan ya zauna maka, sai ka san yadda wurin yake.

Mystic ba gari ba ne mai hukumar kansa. Kogin Mystic ya raba shi biyu: gaɓar yamma tana ƙarƙashin Groton, gaɓar gabas kuma tana ƙarƙashin Stonington. Kogin gajere ne, ruwan gishiri ne ke shigowa cikinsa daga teku, yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, kuma bakinsa yana wajen ƙauyen Noank, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da gadar. Asalin ƙasar ta 'yan ƙabilar Pequot ce. A kan wani tudu da ke gaɓar yamma ne, ranar 26 ga Mayu 1637, sojojin Ingilishi 'yan kama-wuri-zauna ƙarƙashin Kyaftin John Mason, tare da wasu ƙabilu da suka mara musu baya, suka banka wa ƙauyen Pequot wuta, suka hallaka ɗaruruwan mutane, har da mata da yara. Bayan wannan ta'asa ne Turawa suka samu sararin zama a gefen kogin.

Shekaru da dama bayan haka, fito ake yi. Mai son ƙetarewa ya biya mai kwalekwale, ko kuma ya zagaya ta can saman kogin inda ruwan ya tsuke. Sai a 1819 wani kamfani na 'yan kasuwar wurin ya gina gadar farko, ta katako, ana biyan kuɗi kafin a hau. Tun wannan ta farkon an yi ta da wurin buɗewa, domin babu yadda za a yi a toshe kogin. Gadar ta yi tasiri har ƙauyen da ke gaɓar gabas ya ɗauki sunanta, ana ce masa Mystic Bridge, na yamma kuma Mystic River. Sai wajen 1890 aka haɗe sunayen ya zama Mystic kawai, tsohon ƙauyen da ke saman kogin ya koma Old Mystic.

Abin da ya sa ba a isa a toshe kogin ba shi ne sana'ar garin. Daga 1784 zuwa 1919 an ƙera jiragen ruwa sama da 600 a gaɓar wannan ɗan kogi. Ka dubi adadin, ka dubi ƙanƙantar wurin. Akwai gidajen ƙera jirage na iyalin Mallory, da na Irons da Grinnell, da na Maxson da Fish, da na 'yan'uwa Greenman. A nan aka yi jirgin nan mai filafilai, Andrew Jackson, a 1855, wanda ya tashi daga New York ya zagaya ƙarshen nahiyar Amurka ta Kudu ya isa San Francisco cikin kwana 89 da 'yan awoyi, gudun da ya shiga tarihi. A lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, Mystic ta ƙera jirage masu tururi fiye da 50, ciki har da jirgin yaƙi Galena mai sulken ƙarfe, wanda aka saka a ruwa a 1862.

Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne gidan Greenman, domin yana arewa da gadar, wato ta ɓangaren da ba teku ba. Duk jirgin da suka ƙera, kamar David Crockett na 1853 mai tsawon fiye da ƙafa 200, dole ya bi ta ƙofar gadar kafin ya ga teku. Da an gina gada kafaffiya a wurin, da an kashe masu sassaƙa, da maƙera, da masu tufka igiya, da masu ɗinka filafilai, duk a rana ɗaya. Saboda haka ko da aka riƙa sauya gadar, katako ya ba ƙarfe wuri, garuruwan biyu suka karɓe ta suka daina karɓar kuɗin ƙetarewa, abu ɗaya bai taɓa canjawa ba: dole ta buɗe.

Wadda ta gabaci ta yanzu an yi ta a 1904, shekarar da taragon lantarki na kamfanin Groton da Stonington ya fara bi ta tsakiyar gari. Mai juyawa ce. Irin wannan gada tana zaune a kan ginshiƙi ɗaya a tsakiyar ruwa, idan za ta buɗe sai ta juya a kwance har ta miƙe daidai da kogin, jirage su bi ta gefenta. A kan faffaɗan kogi tsarin yana da kyau. A kan ƙaramin kogi kuwa matsala ce, don ginshiƙin yana zaune ne daidai inda ruwa ya fi zurfi, inda jirgi ya fi so ya bi. Sannan duk nauyin gadar yana kan wuri ɗaya, in ƙasan ya ɗan nutse ko ya karkata, bakin gadar ba zai ƙara haɗuwa da bakin hanya daidai ba. Ta 1904 ba ta yi ƙarko ba, ta riƙa cijewa, ga kuma motoci sun fara yawa a hanyar da ta haɗa New York da Boston. Shekara 18 kacal ta yi aka kawar da ita.

Ta yanzu an buɗe ta ranar 19 ga Yuli 1922. Hukumar hanyoyi ta jihar Connecticut ce ta ba da aikin, kamfanin J. E. FitzGerald na New London ya gina, shi kuwa zanen na Thomas Ellis Brown ne. Wannan mutumin ba a gada ya yi suna ba. Tsohon babban injiniyan kamfanin Otis ne, masu yin lifta, kuma yana cikin waɗanda suka tsara liftocin da ke hawa ƙafafun hasumiyar Eiffel a Faransa a 1889. Ni a ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar gadar. Mai yin lifta rayuwarsa duka a kan tambaya ɗaya take: yaya za a ɗaga abu mai nauyi da ƙaramin inji, a tsayar da shi a hankali daidai inda ake so, sau dubbai, ba tare da ya faɗo ba? Amsar masu lifta ita ce a rataya wani nauyi a ɗaya ɓangaren. Ita Brown ya kawo kan kogi.

Duk wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya riga ya san yadda gadar Mystic take aiki. Dogon sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka ko dutse a baya. Mai ban ruwa ba ya ɗaga nauyin gugan da ƙarfinsa, curin ne ke yi masa, shi nasa ɗan tura hannu ne kawai. To a gadar, hanyar da motoci ke bi ita ce gugan. Tana da maƙalli a gefe ɗaya, inda take lanƙwasawa. A samanta akwai manyan sandunan ƙarfe biyu da ke zaune kan hasumiyoyi, gabansu an haɗa shi da hanyar da wasu sanduna masu saukowa, bayansu kuma an rataya curin kankare guda biyu, kowanne tan 230 na awon Amurka, wato kimanin tan 209 na awon da muka saba. Idan curin ya sauko, hanya ta tashi. Idan hanya ta kwanta, curin ya koma sama, yana rataye a kan titi, mutane na wucewa ta ƙarƙashinsa da askirim a hannu.

Tsawon gadar duka ƙafa 218 ne, kimanin mita 66. Ɓangaren da ke ɗagawa ƙafa 85, wajen mita 26, kuma nauyin abin da ke motsi ya kai tan 660 na Amurka. Injinan da ke motsa wannan duka kuwa guda biyu ne na lantarki, kowanne ƙarfin doki 40. Ƙaramar motar haya ta fi kowannensu ƙarfi. A nan ne mutane kan yi tsammanin an yi kuskure a lissafi, amma ba kuskure. Injin ba ya ɗaga gadar. Abin da ake auna wa ba nauyi kaɗai ba ne, nauyi ne a ninka shi da nisansa daga maƙalli. In an daidaita wannan a ɓangarorin biyu, gadar tana nan a rataye, ba ta son hawa ba ta son sauka. Aikin injin ya rage ga abubuwa kaɗan: ya fara motsa ta daga tsaye, ya rinjayi gogayyar ƙarafa a maƙallai, ya kuma yi kokawa da iska.

Iskar nan ita ce babbar abokiyar gabar irin waɗannan gadoji. Hanya mai tsawon mita 26 idan ta miƙe tsaye ta zama bango, iska na dukanta gaba ɗaya, kuma duk ƙarfin dukan yana komawa kan giyoyi da birki. Shi ya sa injiniya ba ya zaɓar girman inji don ranar da gari ya yi lumus, sai don ranar da iska ta taso. A ƙasashen sanyi akwai ƙarin ƙanƙara, wadda ke kwanciya a kan hanyar ta ƙara mata nauyin da curin bai san da shi ba. Kuma da gangan ake barin ɓangaren hanyar ya ɗan fi nauyi kaɗan, domin in ta kwanta ta zauna daram, kada ta riƙa tsalle duk lokacin da babbar mota ta hau.

Inda gwanintar Brown ta fito shi ne yadda ƙarfin injin ke isa ga gadar. Akwai manyan ƙafafun giya a gefe, kowace da sanda da ke haɗa ta da ɓangaren mai ɗagawa. Saboda sandan yana maƙale ne a jikin abu mai zagayawa, tafiyarsa ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe: a farkon juyi yana tafiya a hankali, a tsakiya ya yi sauri, a ƙarshe ya sake lafawa. Ke nan ko injin yana gudu iri ɗaya, gadar da kanta take tashi a hankali, ta kuma sauka a hankali. Tan ɗaruruwa ba sa faɗowa kan mazauninsu da ƙarfi. A zamanin da babu kwamfuta, babu na'urar da ke rage wa inji gudu da kanta, an sa siffar ƙarfen ta yi aikin da yau ake ba lantarki. Wannan dabara ce ta mutumin da ya saba tsayar da lifta daidai da daɓen bene.

Za ka iya tambaya me ya sa aka bar curin a sama, a fili, abin ba kyan gani. Gadar Tower Bridge ta Landan, wadda aka buɗe a 1894, ita ma mai ɗagawa ce, amma nata nauyin a ɓoye yake cikin manyan ɗakuna a ƙarƙashin hasumiyoyin. Yawancin gadojin Shikago ma haka suke, curin yana sauka cikin rami a bayan maƙalli. A Mystic ba a da wannan damar. Gadar tana kwance dab da ruwa, tsakaninta da shi idan teku ya ciko kimanin ƙafa 4 ne kawai. Ramin da zai ɗauki curin tan 230 zai kasance ƙasa da ruwan gishiri, sai an yi masa bango mai hana yoyo, sai an riƙa zuƙe ruwa da famfo har abada, ga tsadar haƙa a cikin laka, ga gine-gine sun matse bakin kogin. Ɗaga nauyin sama ya kawar da duk wannan. Ba kuma sabon tunani ba ne, mutanen Holan sun daɗe suna yin ƙananan gadoji na katako masu sanda a sama a kan magudanan ruwansu, saboda su ma ƙasarsu dab take da ruwa. Brown ya ɗauki tsohuwar dabara ya yi ta da ƙarfe, da girman da zai ɗauki tarago.

Wannan tilas da ta sa aka bar komai a fili, ina ganin ita ce ta ba gadar tsawon rai. Abin da ido ke gani hannu na kaiwa gare shi. Makaniki yana iya tsayawa ya ga tsatsa ta fara, ya ga haƙorin giya ya ci, ya ga inda giris ya bushe. Gadoji da yawa masu kyan gani sun lalace ne ta cikin ramukan da ba wanda ke son shiga, inda ruwa ke taruwa ana mantawa da shi.

Akwai wani abin mamaki a tarihin nan. An gina gadar a 1922, alhali sana'ar da ta wajabta ta ta riga ta mutu. Tun bayan yaƙin basasa duniya ta koma ga manyan jirage na ƙarfe masu tururi, waɗanda ɗan kogin Mystic ba shi da zurfi ko faɗin ɗaukarsu. Gidan Greenman ya daina ƙera jirgi tun kafin 1880, mutanen gari suka koma masaƙu, ciki har da masaƙar karan-miski ta Rossie. Taragon da aka ƙarfafa gadar dominsa ma ya daina aiki a 1928, motocin bas suka gaje shi. A 1926 hanyar ta samu lambar da take ɗauke da ita har yau, babbar hanya ta 1, wadda ta bi gaɓar gabashin Amurka daga Maine zuwa Florida. Duk alamu sun nuna mota ta yi nasara, kuma wata rana za a walde gadar a rufe, kamar yadda aka yi wa da yawa irinta a garuruwan da jiragensu suka ƙare.

Abin da ya hana shi ne wani taro na mutum uku a 1929. Edward Bradley, Carl Cutler da Dokta Charles Stillman suka kafa ƙungiyar adana tarihin sufurin teku, wadda ta zama gidan tarihi na Mystic Seaport, kuma suka kafa ta a kan filin tsohon gidan Greenman, wato arewa da gadar. A watan Nuwamba 1941, wata ɗaya kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, aka janyo jirgin Charles W. Morgan aka shigo da shi ta ƙofar gadar. An ƙera shi a New Bedford a 1841, ya yi tafiye-tafiye 37 cikin shekara 80 yana farautar manyan dabbobin teku da ake tatsar mai a jikinsu, kuma shi kaɗai ya rage a duniya cikin jiragen katako na Amurka masu wannan sana'a. Daga ranar da ya shiga, gadar ta samu sabon dalilin zama: ita ce ƙofa ɗaya tilo tsakanin teku da gidan tarihin jiragen ruwa mafi girma a ƙasar.

Gidan tarihin ba ajiya kawai yake yi ba, yana da wurin gyara da ƙera jiragen katako. A nan aka sassaƙa kwafin jirgin Amistad, aka saka shi a ruwa a watan Maris 2000. Na asalin shi ne wanda 'yan Afirka ta Yamma, akasarinsu Mende daga yankin Saliyo, suka ƙwace a 1839 ƙarƙashin jagorancin Sengbe Pieh, bayan an sace su za a bautar da su. An kai jirgin New London, maƙwabciyar Mystic, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka ta 'yanta su a 1841. Kwafin ya fita teku ta wannan gada. Shi ma Morgan, bayan gyaran kusan shekara biyar, an mai da shi ruwa ranar 21 ga Yuli 2013, sannan a 2014 gadar ta ɗaga masa ya fita ya yi tafiyarsa ta 38, yana da shekara 173.

Yanzu batun doka. A Amurka ruwan da jirage ke iya bi yana ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne, ba jiha ba, kuma an daɗe ana rigima a kan gada da jirgi. A 1856 wani jirgin tururi mai suna Effie Afton ya daki gadar jirgin ƙasa ta farko da aka yi a kan kogin Mississippi, masu jirgin suka kai ƙara suna cewa gada shinge ce da bai kamata a yi ba. Cikin lauyoyin da suka kare masu gadar akwai Abraham Lincoln, tun bai zama shugaban ƙasa ba. Matsayar da ƙasar ta ƙare a kanta ita ce ana iya gina gada, amma ba za ta hana jirgi wucewa ba gaira ba dalili. Dokar koguna da tashoshin jiragen ruwa ta 1899 ta wajabta neman izinin tarayya kafin a gina gada a kan irin wannan ruwa, kuma tun 1967 rundunar tsaron gaɓar teku ce ke kula da lamarin. Asalin ƙa'idar ita ce gada mai ɗagawa ta buɗe duk lokacin da jirgi ya nema. Jadawalin da ka ji ana yi a Mystic sassauci ne da aka yi wa masu mota, ba wa masu jirgi ba.

Jadawalin shi ne: daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba, da rana, gadar tana buɗewa sau ɗaya a awa, idan saura minti 20 awa ta cika. Kowace buɗewa kimanin minti biyar take ɗauka, kuma a shekara tana buɗewa wajen sau 2,200. Mai jirgi yana kiran mai kula da gadar ta rediyo, ko ya busa oda, dogo ɗaya sannan gajere ɗaya. Shi kuwa mai gadar, daga ɗan ɗakinsa da ke gefe, sai ya kunna jar wuta, ya sauke shingen motoci da na masu tafiya a ƙasa, ya duba ya tabbatar ba kowa a kai, ya zare makullin da ke riƙe bakin gadar, sannan ya ba injin wuta. An haɗa matakan ta yadda ba za a iya tsallake ɗaya ba: in shinge bai sauka ba, makulli ba zai zaru ba. Mai jirgin da ya makara da minti biyu kuwa sai ya yi ta shawagi a ruwa har awa guda, kuma a ƙasa da wannan gadar akwai wata ta jirgin ƙasa mai juyawa, a layin Amtrak, wadda ita ma sai an jira ta in jirgin ƙasa na tafe.

To me ya hana a gina doguwa? Mu yi lissafi. Turken tsakiya na jirgi irin Morgan ya haura mita 30 daga ruwa. A ce ana son gada mai tsayin mita 35. Hanyar mota ba ta son hawan da ya wuce mita 5 a kowace mita 100. Ke nan kafin ka kai tsayin nan sai ka fara hawa tun daga nisan mita 700, sannan ka sauka a wata mita 700 a ɗaya gefen. Tsakiyar garin Mystic gaba ɗayanta, shaguna da gidajen cin abinci da tsofaffin gidajen kyaftin-kyaftin, tana cikin wannan tazarar. Za a rushe garin domin a sauƙaƙa shiga garin. Mai tafiya a ƙasa da ke ƙetarewa yanzu cikin minti ɗaya zai koma yin tafiyar fiye da kilomita guda, rabinta hawa.

Kuma a haƙiƙa an riga an gina wata. A shekarun 1960 babbar hanyar I-95 ta ƙetare kogin a kan gada kafaffiya, amma can arewa da gidan tarihin, inda manyan jirage ba sa buƙatar zuwa. Tireloli da matafiya masu nisa suka koma can. Aka bar wa tsohuwar gadar mutanen gari da baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda da yawansu ita suka zo gani. Wannan ne ya cece ta fiye da kowace ƙauna ta tarihi. Da har yanzu duk motocin New York zuwa Boston ta kanta suke bi, ba na jin da ta kai 1970.

Ba na son ka ɗauka abin kyauta ne. Gada mai motsi inji ce, kuma inji a bakin ruwan gishiri ci yake yi kullum. Tana buƙatar ma'aikaci a zaune, tana buƙatar giris da dubawa a kai a kai, tana buƙatar fenti, domin gishirin teku daga ƙasa da gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara daga sama duk ƙarfe suke nema. Da zafi ya yi yawa ƙarfe kan miƙe, irin waɗannan gadoji su cije, har a wasu garuruwa sai an kira 'yan kwana-kwana sun fesa musu ruwa kafin su rufu. Kuma duk gyaran da aka yi wa hanyar, ko sabon daɓe ne ko sauya wani ƙarfe, yana taɓa ma'auni, sai an sake auna ta an ƙara ko an rage nauyi a curin. Daga 2010 zuwa 2013 jihar ta yi mata babban gyara, aka kankare tsohon fenti, aka sauya ƙarafan da suka ci, aka sabunta kayan lantarki da na inji. An tsara aikin ne a watannin hunturu, lokacin da jirage suka yi ƙaranci, domin ko don gyara ba a rufe kogin sai da izinin rundunar tsaron gaɓar teku.

Abin da zan sa wa ido nan gaba ba tsufan ƙarfen ba ne, don ƙarfe ana sauya shi guntu-guntu. Tazarar ƙafa 4 ɗin nan ce. An zaɓe ta ne bisa tsayin teku na 1922, kuma ma'aunin ruwa da ke New London ya nuna teku yana ta hawa a hankali shekara da shekaru. Guguwa irin ta 1938, wadda ta yi wa gaɓar Connecticut kaca-kaca, idan ta zo a kan tekun da ya ƙara tsayi, ruwan gishiri zai kai wuraren da Brown bai yi tsammani ba. Curin yana sama, ba ruwansa. Maƙallai da mazaunin gadar da wayoyin da ke ƙasa su ne za su sha wahala, kuma ɗaga gadar ko da mita ɗaya yana nufin ɗaga titin da bakin ƙofofin shagunan da ke gefensa biyu.